Tiritiyam ɗin da ya maƙale a berilliyam, a kulle yake?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin makamashin nukiliya. Na karanta cewa ƙarfen berilliyam ɗin da niyutron (ɗaya daga cikin ɓarɓashin da ke tsakiyar ƙwayar zarra) ya daɗe yana duka a injin haɗa ƙwayoyin zarra yana riƙe tiritiyam, wato nau'in iskar haidurojin mai fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, ba ya saki da wuri. Abokina ya ce ai gaba ta kai mu, tunda a kulle yake. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da bai kwanta ba. Ka san aikin berilliyam a bangon injin shi ne ninka niyutron. Duk ƙwayar berilliyam da ta fashe tana barin ƙwayoyin iskar hiliyam 2, ta wata hanyar kuma tiritiyam kaɗan yana fitowa. Hiliyam ba ya narkewa a ƙarfe, sai ya taru ya yi ƙananan kumfa, tiritiyam ya bi shi ya laɓe a ciki.

Maganar abokinka ita ce wadda na gaji da ji, har daga bakin masu takardu: wai hiliyam ba ya cutarwa, tiritiyam kuma a daure yake. Wa ya ɗaure shi? Zafi ne kawai bai kai ba. A wani gwaji mai suna HIDOBE da aka yi a injin nukiliya na Petten ta Holan, an daɗe ana dukan ƙwallayen berilliyam masu kaurin kusan milimita 1 da niyutron, aka ga waɗanda suka zauna a ƙaramin zafi su suka fi tara tiritiyam. In ka ɗumama su a ɗakin gwaji, kumfa na haɗewa da juna har su buɗe hanya zuwa waje, iskar ta fito lokaci guda kamar an ɓalle madatsar ruwa. To ranar da na'urar sanyaya injin ta tsaya, zafi ya hau, abin da aka tara shekara da shekaru fa? Tiritiyam sai ya shekara 12.3 kafin rabinsa ya lalace, kuma in ya haɗu da iskar oksijin ya zama ruwa, jikin mutum ba ya bambance shi da na sha. Hiliyam ɗin ma da ake rainawa, shi ke kumbura ƙarfen har ya tsage.

Shi ya sa masana a Karlsruhe ta Jamus da na Japan suka karkata ga gaurayen berilliyam da titaniyam, Be12Ti: bai cika kumbura ba, kuma yana sakin tiritiyam a zafin da bai kai wanda berilliyam zalla ke buƙata ba, iskar wanki, wato iskar da ake hurawa ta tsakanin ƙwallayen, ta kwashe shi kullum. Ka ce wa abokinka ya kawo lissafin abin da zai taru a shekara 5 na aiki, sannan ku yi magana.