Ƙarar tafet ce, ba a sauke mata inji

Tambaya: Ina ɗaukar kaya daga kasuwar Singa zuwa Haɗeja da tsohuwar Hiace mai injin 4Y. Ta fara ƙara kas-kas-kas daga saman inji. Ƙanen matata ne bakanikena, shi ke yi mata juyen baƙin mai, ban ma san ranar da aka yi na ƙarshe ba, ya ce sai an sauke inji. In ci bashi in gyara, ko in sayar in ƙaro kuɗi in sayi babba?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar babbar mota tukuna. Wanda bai san ranar da aka yi wa ƙaramarsa juyen baƙin mai ba, me zai yi da babba? Ka damƙa wa suruki mota, kana jin nauyin tambayarsa wane mai ya zuba da ranar da ya zuba. Kuskurenka ke nan, kuma shi ya haifi wannan ƙarar.

Tafet, wato ƙananan ƙarafan da kamshaf ke turawa su buɗe bawul, guda takwas ne a injin 4Y, da ƙarfin baƙin mai suke aiki. In mai ya tsufa ya yi dauɗa, ko an zuba na awo a bakin titi, sai ƙananan ƙofofinsu su toshe, su kasa cika, su fara bugawa.

Tayar da motar da sassafe ka saurara. In ƙarar ta ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi, mai ne ke tsiyayewa cikin dare, kuma sau da yawa filta mai arha ce sila. In ta ci gaba bayan inji ya yi zafi, ɗora bakin dogon sukundireba a kan murfin inji, ka kara kunne a ƙotarsa. Ƙarar tafet siririya ce, daga sama. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an taka da lodi, metal ne, wato faifan da karanshaf ke juyawa a kansu, shi kam sai an sauke inji. Duba kuma inda salansa ta haɗu da inji: baƙin toka a wurin na nufin gaskit ya ƙone, kuma kukansa kamar na tafet yake.

A sa geji a auna ƙarfin mai bayan inji ya yi zafi, kana tsaye. Ƙa'idar bakanikai ita ce geji ya nuna kusan psi 10 a kowane juyi 1,000 da inji ke yi a minti ɗaya. In ya kai, a juye mai, a zuba 20W-50 na galan mai hatimi da filta ta kirki, kada man ya wuce layin sandar duba mai, don in ya yi yawa kumfa yake yi. Yi sahu biyu ko uku. In ƙarar na nan, a sayo tafet a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, amma a duba kamshaf kafin a ɗaura. Kamshaf ɗin da ya cinye zai cinye sabon tafet nan da nan.

An sha ganin mai mota ya biya kuɗin ringi da fistin, ya yi sati biyu ba lodi, kwastomominsa sun koma wa wani, a tayar da inji kuma ƙarar tana nan, domin tsofaffin tafet aka mayar.

Sayi littafi ka ajiye a mota: rana, kilomita, irin mai, abin da ka biya. Juye mai duk kilomita 5,000. Surukin naka ya riƙa sa hannu a ƙarƙashin kowane layi.