Ogan da ake tsoro da ogan da ake faɗa wa gaskiya

Ɗan'uwa ka tambaya wai da gaske halin shugaba yana ƙara wa kamfani ciniki a wannan harkar ta intanet, ko dai jari ne da manhaja mai kyau kawai. Toh ni abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Na yi aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano, muna raba wa masu shaguna na'urar POS muna bin ƙorafinsu. Oganmu na farko akwai faɗa wallahi, in tiransifa ta maƙale ko an cire wa mutum kuɗi sau biyu, a guruf ɗin WhatsApp zai kama sunanka ya wanke ka tas gaban kowa. Sai muka koyi yin gum, ka ga matsala tun safe ka kawar da kai kana addu'ar ta faɗa kan wani, kafin ta kai kunnen oga mai shago ya gaji ya karɓi na'urar Moniepoint ko OPay, don a harkar nan sauya sheƙa ba wuya, ba sallama ba komai.

Ƙarshen 2022 aka kawo mana wata Hajiya a matsayin sabuwar oga, daidai lokacin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Kowa ya san yadda Fabrairun 2023 ta kasance, ba tsabar kuɗi, kowa ya koma tiransifa, netwok na ta faɗuwa, mai shayi ma sai ya ga alat zai sallame ka. Ita ba ta iya dogon jawabi ba ma, abin da ta ce kawai duk wanda ya fara kawo rahoton matsala ba za a taɓa albashinsa ba ko da laifinsa ne, kuma ta cika. Da ƙafarta ta bi mu Kantin Kwari da Singa cikin rana, ta tsaya wani ɗan kasuwa ya zazzage mata ta ba shi haƙuri, ba ta ce yaran nan ne ba.

Manhajar dai ita ce, albashin ma bai ƙaru ba, amma sai ga mu muna kiran masu shaguna tun kafin su kira mu, wani yaro da bai taɓa buɗe baki a mitin ba shi ya kawo shawarar a riƙa tura musu saƙo in bankin da suke turawa ya sami tangarɗa. Har Kotun Ƙoli ta dawo da tsoffin kuɗi ranar 3 ga Maris, a layin da nake kula da shi ba wanda ya dawo mana da na'ura.