"Kina da ciki?": yadda za a yi tambayar a asibiti

Wata ɗaliba mai koyon ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a nan Sakkwato ta rubuto da tambaya biyu. Ta karanta cewa a Birtaniya, dokar ɗaukar hoton asibiti ta 2017 ta daina ambaton "mata", ta koma cewa a tambayi duk mai yiwuwar ɗaukar ciki kafin a yi hoto, har wasu asibitoci na tambayar maza ko suna da ciki. Shin Hausa na da lafazin da ba ya nuna jinsi? Sannan me ya sa mata ke sunkuyar da kai idan ta ce "kina da ciki?"

Ƙanwata, Hausa ba ta sakaci da jinsi. Da kin buɗe baki sai kin zaɓa: kai ko ke, shi ko ita. Basakkwace ma cewa yake "namiji na, macce ta", inda Bakano zai ce "ne" da "ce". Amma akwai mafita. "Mai" ba ta da jinsi, haka "ku" da "su", haka "an" da "ana". Idan kika ce "akwai juna biyu?" ko "an yi ɓatan wata?", ba ki kira kowa mace ko namiji ba. Sai dai ban ba ki shawarar ki tari magidanci da "kana da ciki?" ba, ko ya ɗauka raini ne, ko ya zaci tumbinsa kike nufi, don "ciki" kalma ce mai ɗaukar ma'ana da yawa.

Tambayarki ta biyu ta fi damuna. "Ciki" tsirara ce a kunnen mace, musamman mai cikin fari, wadda kunya ke hana ta faɗa ko wa mahaifiyarta. Shi ya sa Bahaushe ya lulluɓe abin. Ya ce "juna biyu", wato a fahimtata jiki biyu a wuri ɗaya. Haila ta zama "al'ada" ko "fashin sallah", haihuwa ta zama "sauka", addu'ar kuwa "Allah ya raba lafiya". Wannan sakayawar tarbiyya ce, kuma ina ƙaunarta. Amma hasken hoton na iya cutar da ɗan tayi, ga shi a makonnin farko mace ba lallai ta san tana da shi ba. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: "Malama, yaushe rabonki da al'ada?" Kwanan wata za ta ba ki, ba sirri ba.

Tsofaffi za su ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, wato a iya riƙe magana. Gaskiya ne, amma su ne kuma suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi: inda larura ta zo, ɓoyo ya ƙare. Ɗakin hoto ranar wanka ce.

Budurwa kuwa, tambayar na iya zame mata zargi, musamman a gaban uwa ko yayanta. Ki nemi ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, ki sassauta murya, ki fara da cewa: "Ki yi haƙuri, duk wadda ta shigo nan sai mun tambaye ta, ƙa'idar aiki ce."