Ka fara da ƙaramin hoton, shi ne mutane za su gani

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, na kuma buɗe hoton da ka haɗa da ita. Ka ce ka gama wasanka na ɗan moto mai ɗaukar fasinja a titunan Garwa, ka ɗora shi a itch.io, kana shirin kai shi Google Play da Steam, duka kasuwannin wasannin waya da kwamfuta a intanet, amma mutane na wuce hoton da ke tallata wasan ba sa latsawa. Kana tambaya ko laifin hoton ne, kuma ko ya kamata ka biya mai zane. Ni aikina zanen allunan shaguna da takardun talla ne a nan Marwa, na kuma yi wa wasu yara masu haɗa wasanni irin wannan hoton, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Hotonka yana da kyau a allon kwamfuta. Matsalar ita ce ba a can za a gan shi ba. Na rage shi ya koma kamar faɗin yatsu biyu, na tura a wayata Itel, na fita ƙofar shago da rana tsaka na duba. Abin da na gani dunƙule ne ruwan ƙasa, da wani farin zare a sama wanda na san sunan wasan ne don kawai na riga na karanta shi. Gadar Binuwai da ka sha wahala a kanta ta ɓace, masu moto biyar ɗin sun zama ɗigo-ɗigo, kasuwar da ke baya ta haɗe da ƙura. Allon shago mai kyau shi ne wanda mutum zai karanta yana bisa moto a guje, hoton wasa ma haka yake, domin babban yatsan mai waya ba ya tsayawa.

Kuma ba kai kaɗai ne a layin ba. A shekarar 2023 kawai wasanni fiye da 14,000 aka fitar a Steam. A cikin jerin sakamakon bincike, hoton da za ka ba su mai fiksel 462 da 174 suna rage shi har ya koma 120 da 45. Ka tsaya ka yi tunanin 120 da 45. A wannan girman babu abin da ke tsira sai suna mai kauri da siffa guda ɗaya. Shi ya sa nake fara kowane aiki daga ƙarami: in zana shi a ɗan akwati, in ya karantu sannan in faɗaɗa. Yawancin masu farawa kan yi akasin haka, su zana babba su cika shi da kaya, daga baya su matse.

A naka, ka zaɓi ɗan moto ɗaya. Ka kawo shi kusa har a ga fuskarsa da hular kwano, moton ya ɗan karkata kamar yana shan kwana, fasinja a baya ta riƙe kayanta da hannu ɗaya gyale na tashi. Wannan kaɗai ya gaya wa mutum cewa akwai gudu, akwai raha, kuma a ƙasarmu abin yake faruwa. Gadar ka bar ta a baya da launi mai sanyi, ba sai an ƙirga ƙarafunanta ba. Na san da ciwo mutum ya cire abin da ya kwana yana zanawa, amma ba zubar da shi za ka yi ba, yana da wuri a hotunan cikin shafin, inda wanda ya riga ya latsa zai tsaya ya kalla a natse.

Sai launi. Garwa gari ne na ƙura da rana, ka kuma yi gaskiya da ka zuba ruwan ƙasa, amma ka sa shi a ƙasa da sama da rigar yaron gaba ɗaya. Ga gwajin da nake yi: ka mayar da hoton fari-da-baƙi. In ɗan moton bai fito daban da bayansa ba, to launi ba zai cece shi ba, haske da duhu ne ba su rabu ba. Ka ba shi riga mai haske sosai, ka dusashe bayan. Ka tuna shafin Steam shuɗi ne mai duhu, Google Play kuwa fari ne ga wasu, baƙi ga waɗanda suka kunna yanayin dare, don haka ka gwada hoton a kan duka biyun kafin ka yarda da shi.

Sunan wasan ne ya fi damuna. Ka rubuta shi da siririn rubutu mai lanƙwasa a kan gajimare, ka ƙara jimla guda a ƙasansa. Ka cire jimlar. Tun 1 ga Satumba 2022 dokar Steam ta hana sa makin masu sharhi, ko lambar yabo, ko sanarwar ragi a kan ainihin hoton: zane da sunan wasa kawai, sai ƙaramin suna in wasan na da shi. Google ma ba ya yarda a rubuta kyauta ko lamba ɗaya a tambarin manhaja. Sunan ya zama da haruffa masu kauri, a wurin da bayan ya lafa, a ƙaramin hoton kuwa ya kusa cika shi. Tunda sunan naka akwai ƙ a ciki, ka duba da kyau, yawancin salon rubutun da ake saukewa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ya fito a karkace kamar baƙo. Ko ka nemi wanda yake da su, ko ka zana ƙugiyar da hannunka a manhajar zane ta Inkscape. Ka kuma karanta lasisin salon, ba kowanne aka yarda a yi kasuwanci da shi ba.

Kowace kasuwa da nata awo. Itch.io na son 630 da 500. Google Play na neman tambari 512 da 512, su da kansu suke zagaye kusurwoyin, don haka kada ka kai komai mai muhimmanci baki-baki, sai babban hoto 1024 da 500. Steam na da na saman shafi 920 da 430, da na tsaye 600 da 900 na ɗakin ajiyar wasanni, da wasu. Kada ka ja hoto ɗaya ka miƙar da shi ya cika duka. Ka ajiye ɗan moto daban, baya daban, suna daban a manhajar zane ta Krita ko GIMP, duka kyauta ne, ka riƙa sake jera su.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: hoton kada ya yi wa wasan ƙarya. Wasanka zanen katun ne mai sauƙi. In ka sa hoto irin na manyan kamfanoni, mutum zai latsa, ya ga abin ba haka yake ba, ya fita da haushi, a Steam ma ya karɓi kuɗinsa tunda bai kai awa 2 yana bugawa ba. Ga mutanenmu abin ya fi zafi, domin data suka saya da sefarsu suka sauke. In ma injin AI ka sa ya zana maka, ka san tun farkon 2024 Steam ke tambayar masu haɗa wasanni su bayyana hakan. Ka dubi Kiro'o Games na Yawunde, da Olivier Madiba ya kafa, suka fitar da wasan Aurion a Steam a 2016: abin da suka nuna a waje, irin zanen da ke cikin wasan ne.

Batun biyan mai zane, ra'ayina shi ne ka biya in za ka je Steam. Dala 100 za ka ajiye kafin su karɓi wasan, Google kuma dala 25 sau ɗaya, bai kamata ka kashe wannan ka tsuke hannu a kan abin da kowa zai fara gani ba. Amma ka ba shi wasan ya buga tukuna, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa zai ba ka fayil ɗin da sassansa a rarrabe, da izinin amfani da shi a talla.

Kafin nan ka yi iri biyu da kanka. Ka je inda samari ke cajin waya, ka nuna wa wanda bai san ka ba na ɗan ƙiftawar ido, ka kife wayar ka tambaye shi wane irin wasa ne kuma mene ne sunansa. 'Yan gidanku ba za su yi ba, za su ce ya yi kyau. In ka shiga Play Console, shafin masu ɗora manhaja a Google Play, akwai wurin da za ka sa tambari biyu a gwada su a kan masu ziyara, a nuna maka wanda aka fi saukewa da shi. In ka gyara, turo mana shi a 120 da 45 mu gani, Allah ya sa albarka.