Ga 'yar uwar da ta tambaya ko ta makara

Wa alaikumus salam. Maman yara, sau uku na karanta tambayarki kafin na iya taɓa waya. Kin ce shekararki 44, auta ya tafi makarantar kwana, gida ya yi tsit, kina ta tunanin me kika tsinana wa kanki, kuma ko komawa karatu yanzu ba abin dariya ba ne. Wallahi kamar a bakina kika cire.

Ni ina da 43 idona ya buɗe. Sarƙar gwal ɗin da na gada wajen Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta, ni da hannuna na ciro ta daga ƙasan akwati na miƙa wa Baban yara, wai jari ya karye. Ko nawa aka sayar ban tambaya ba. Wata huɗu tsakani sai ga akwatunan lefe an jere a falona, don 'yan uwansa su gani kafin a kai. Ni na yi musu girki ranar, har da zoɓo. Ƙanwarsa tana ɗaga leshi tana cewa, "Yaya, ke ai yanzu kin zama uwa, sai carbi." Na yi murmushi na shige banɗaki, na sake famfo don kada yara su ji kukana. Ban taɓa cewa kada ya ƙara aure ba, halal ne. Amma da sarƙar uwata? Har yau bai ce mini yi haƙuri ba, ita ma ƙanwar tana zuwa tana cin tuwona kamar ba ita ba. Kai, bari dai in yi shiru.

Karatu kam ki koma. Ni lissafi da Turanci suka riƙe ni tun sakandare, sai na zauna NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi ƙarshen shekara. Sau biyu na rubuta. Daga nan na shiga NCE ta NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, su karatunsu na ƙarshen mako ne, girkinki ba zai taɓu ba. In digiri kike so akwai NOUN, jami'ar karatu daga gida. Ranar farko na ji kunya, malaminmu sa'an ɗana na fari ne, amma kafin wata guda mu huɗu masu jikoki mun kafa bencinmu a gaba.

Kada ki yi ta shela tukuna. Maigida ki same shi da lalama, in ya cije ki bi ta wanda yake jin nauyi, ni ta yayansa na bi. Kuma ki buɗe asusunki na banki, kuɗin adashe ya daina kwana a ɗaki.

Af, kin ce ba kya barci, ga zufa da dare. Don Allah ki je asibiti a gwada jininki da suga. Tsakanin 45 da 55 yawancinmu al'ada ke ɗaukewa, kuma alamun kan fara tun kafin nan. Ni na ɗauka sammu ne, na yi ta zubar da kuɗi wajen masu magani, ashe hawan jini ne ya haɗu da wannan.

Wane darasi ne ba ki da kiredit? In lissafi ne ki yi mini magana ta gefe, tsofaffin takardun tambayoyina suna nan cikin leda a saman wadrob.