Saita Matsin Bawul ɗin Jeri a Injin Mai Silinda Fiye da Ɗaya

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa a injin buga bulon da aka kawo mana daga Jega, silindar danni take motsawa tun kafin mai sauke mazubi ta kai ƙarshe, da kuma yadda ake saita bawul ɗin jeri, wato bawul ɗin da ke sa silindu su motsa ɗaya bayan ɗaya, don hana haka.

Bawul ɗin nan bai san inda silinda take ba, matsin mai kawai yake ji. Yana nan a rufe har sai matsin da ke bakinsa ya rinjayi sifirin ɗinsa, sannan ya ba silinda ta biyu, wato ta danni, hanya. Saboda haka ka ɗaura geji a bakinsa inda mai yake shiga, ka ɗaure sukurun saiti sosai, ka karanta matsin da silinda ta farko, wato mai sauke mazubi, take bukata tana tafiya da kayanta. Idan geji ya nuna bar 60 (bar ma'aunin matsi ne), sai ka riƙa sassauta sukurun a hankali har bawul ɗin ya buɗe a wajen bar 75, domin ratar bar 10 zuwa 15 ita ce ke hana shi buɗewa da ƙaramin cikas. Silinda ta uku, in akwai, bawul ɗinta ya ɗara wannan da irin ratar, kuma dukkansu su zauna ƙasa da babban bawul ɗin kariya, in ba haka ba mai zai koma tanki, silindar ƙarshe ta tsaya cik.

Kada ka yi saiti da sanyin safiyar hunturu. Mai yana da kauri a lokacin, geji zai nuna fiye da gaskiya, don haka ka bari ya ɗumama zuwa digiri 40 ko 50. Kada kuma ka ɗaga saitin fiye da bukata, domin rarar matsin zafi take zama, ga shi zafin bazarar Birnin Kebbi ya ishi man.

Abin da yara suka fi mantawa shi ne siririn tiyon da ke kwashe mai daga ɗakin sifirin. Dole ya tafi tanki kai tsaye, domin duk matsin da ya taru a cikinsa ƙaruwa yake yi a kan saitinka.

Idan tsakuwa ta tokare silinda ta farko a tsakiyar hanya, matsi zai hau, ta biyu kuma za ta sauko. Shi ya sa duk inda hannun ma'aikaci ke shiga, ban yarda a dogara da bawul ɗin jeri kaɗai ba, sai an haɗa da makunnin lantarki mai tabbatar da cewa silinda ta kai wurinta.