Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan fostar da ke fitowa a hargitse

Salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, ka ce wata shida kenan kana koyon CorelDraw, manhajar nan ta zane a kwamfuta, ka iya yanke hoto ka iya jera rubutu, amma duk fostar da ka haɗa sai ta fito a cunkushe, shin akwai wata ƙa'ida da ake bi ne. Akwai kam. Ni shekarata goma sha uku a wannan sana'ar nan Kano, da buroshi da fenti na fara ina rubuta allon shago a wajen maigidana kafin mu koma kan kwamfuta.

Na buɗe fostar mai turaren da ka turo na daɗe ina kallo, wallahi hannunka na da kyau. Abin da ya ɓata ta shi ne komai a ciki yana ɗaga murya lokaci ɗaya, sunan shago ƙato, lambar waya ƙatuwa, "farashi mai rahusa" shi ma ƙato kuma da ja, ga salon rubutu har iri biyar. To mutum biyar in suna maka magana a tare wa za ka ji? Kafin ka taɓa kwamfuta ka zauna ka yanke shawara, ina nake so ido ya fara sauka, sai ina, sai kuma ina. Abu ɗaya ne sarki a shafi, sauran duk fadawa ne. Maigidana kullum yakan tuna mana cewa mai karanta allonmu yana cikin adaidaita sahu ne a guje, ba zai ce direba ya tsaya ba.

Maganar daidaito kuma, da yawanmu mun ɗauka sai an raba shafi biyu dama da hagu iri ɗaya. A'a. Ka samu babbar rigar babanka ko ta wani dattijo, irin mai aska takwas ɗin nan, ka shimfiɗa ta a tabarma ka duba da kyau. Nauyin aikin duk yana hagu ne wajen aljihu, askokin suna gangarowa, amma sai mai ɗinki ya ajiye tambari guda, da'irar nan, a ɓangaren dama, shikenan rigar ta zauna daram ba ta rinjaya ba. Sannan ka lura da yawan yadin da ya bari babu ko zare ɗaya a kai, ai wannan filin shi ne ya sa aikin ya fito. Da ya cike rigar kaf da ɗinki da ba ka ga askar ba. Ni a nan na fahimci amfanin fili, kuma har yau shi ne abin da nake shan fama da kwastomomi a kai, mutum zai ce maka ai kuɗina na biya, ga wuri can a banza ka ƙara hoto. Ka lallaɓa shi cikin ladabi, ka yi masa guda biyu ya ja da baya ya kalla, yawanci da kansa zai nuna mai filin.

Kala ita ce ta taɓa ci mini kuɗi. Katin biki guda 500 na buga, rubutu ruwan gwal a kan takarda ruwan madara, a sikirin ya yi kyau sosai, da ya fito kuwa uwar amarya ta kasa karanta ranar ɗaurin aure, dole na sake bugawa daga aljihuna. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, inji kuma tawada yake zubawa, shi ya sa in aikin bugawa ne ka saita fayil ɗinka a CMYK, wato tsarin kalolin tawadar injin bugawa, tun farko. Kuma ka leƙa marinar Ƙofar Mata ka ga yadin da aka shanya, shuni ne da fari kawai amma daga nesa kana hango zanen, saboda ɗaya duhu ne ɗaya haske. Dabarar da nake yi yanzu, ina mayar da aiki baƙi da fari in ƙanƙanta shi kamar girman akwatin ashana, in har rubutun ya ɓace to akwai gyara.

In ka samu lokaci ka shiga cikin gari wajen Gidan Makama da unguwannin da ke kewaye ka kalli zanen bangon tsofaffin gidaje, za ka ga magini ya ɗauki siffa ɗaya kamar dagi ya yi ta maimaita ta da tazara iri ɗaya, abin da ke haɗa kan zane kenan.

Yanzu ka koma kan fostar, ka bar salon rubutu biyu, kala uku, kwalbar turaren ta zama babba, ka cire furannin kusurwa, lambar waya ta sauka ƙasa ita kaɗai. Ka sake turowa zuwa bayan isha'i in Allah ya kai mu, zan duba maka.